Ɗana ya iya babur, ya iya iyo: in bar shi ya hau babur ɗin ruwa a tafki mai cunkoso?

Tambayar ta fito ne daga wani uba. Ɗansa mai shekara 19 zai tafi hutu da abokansa wani tafki da jama'a ke cikawa a ƙarshen mako, kuma sun shirya yin hayar babur ɗin ruwa, wato ƙaramin abin hawa mai inji da ake hawa kamar babur ana gudu da shi a kan ruwa. Yaron bai taɓa hawa ba, amma ya ƙware a babur na titi, ya kuma iya iyo sosai. Masu ba da hayar sun ce bayanin minti biyar ya isa, za su kuma ba kowa rigar ceto. Ƙaninsa mai shekara 13 ya nace shi ma sai an ba shi ya ɗan taɓa. Uban yana tambaya: ya bar su? Rigar ceton ba ta wadatar ba?

Malam, Allah ya raya maka su. Amsata a taƙaice ita ce babban zai iya hawa, amma ba da bayanin minti biyar ba, ba kuma a tsakiyar cunkoso zai fara ba. Ƙaramin kuwa ba zai riƙe kan babur ba ko na minti ɗaya. Abubuwa biyun da suka kwantar maka da hankali, wato ƙwarewa a babur da iya iyo, na biyun amfaninsa kaɗan ne a irin haɗarin da wannan abin hawa ke jawowa, na farkon kuma shi ne ma ya fi tayar min da hankali. Bari in yi maka bayanin dalili, domin idan ka fahimce shi kai da kanka za ka iya tantance mai hayar da ya san aikinsa.

Babur ɗin ruwa ba ya da taya, ba ya kuma da wani allo a ƙarƙashin ruwa da ke karkata shi kamar yadda manyan jirage suke da shi. Injinsa yana juya wata farfela ce da ke ɓoye cikin bututu. Farfelar tana zuƙo ruwa ta wata kafa mai raga a ƙasan cikinsa, ta feso shi da ƙarfi ta baya. Wannan feshin shi ke tura shi gaba, shi ne kuma ke juya shi. Idan mahayi ya murɗa kai zuwa dama, abin da ya yi kawai shi ne ya karkata bakin bututun. Muddin ruwa na fita da ƙarfi, gindin babur zai ture gefe, hanci ya juya. Da zarar ya saki totur feshin ya mutu, to ko ya murɗa kan har ƙarshe, babur ɗin zai ci gaba da sulalewa inda ya dosa tun farko.

Yanzu ka duba abin da hannun ɗanka ya saba da shi. Shekara da shekaru, duk lokacin da wani abu ya faɗo masa a titi, yana sakin totur, ya damƙi birki, ya kauce. Ba ya ma tunani, jiki ne ke yi. A kan ruwa wannan sabon shi ne ainihin abin da zai kai shi ga karo. Na sha tsayawa a matsayar jirage ina kallon yadda abin ke faruwa, kuma kusan kullum salonsa ɗaya ne. Sabon mahayi ya taho da ɗan gudu yana dariya, sai ya lura katakon matsayar ya matso fiye da yadda ya zata. Dariyar ta ɗauke. Yatsansa ya saki totur, ƙarar inji ta faɗi, ya murɗa kan gaba ɗaya zuwa hagu, har ya kwantar da kafaɗa yana taya shi. Hancin babur bai ko motsa ba. Za ka ga yana kallon hannunsa yana kallon katako, ƙafarsa ta dama tana lalube a ƙasa tana neman birkin da babu shi. Idan da sauran kwana, gudun ya riga ya ragu, sai a tashi da fasasshen hanci na babur da gwiwa mai kumburi. Abin da zai fitar da shi a wannan daƙiƙar shi ne ya ƙara wuta yana murɗa kai, wato akasin duk abin da tsoro ke gaya masa. Ba a koyon wannan da kunne. Sai hannu ya maimaita shi a wurin da babu abin bugewa har ya zama sabo na biyu.

Wannan ba hasashena ba ne. A 1998 hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar da wani nazari na musamman kan babur ɗin ruwa, bayan da yawansu da haɗurransu suka ƙaru a shekarun 1990. Daga cikin abin da ta gano akwai wannan matsala ta rasa iko da kan babur bayan sakin totur, da yawan masu haɗarin da ba su da gogewa ko wani horo, musamman waɗanda suka karɓi haya ko aro. Ta kuma nuna wani bambanci da ya shafi tambayarka kai tsaye: a sauran ƙananan jiragen shaƙatawa nutsewa ce ta fi kashe mutane, a babur ɗin ruwa kuwa buguwa ce, wato jiki ya haɗu da wani babur, ko jirgi, ko dutse, ko katako. Rigar ceto tana hana mutum nutsewa. Ba ta hana ƙashin wuya karyewa, ba ta tare ƙirji daga hancin wani babur. Dole ce, kada kowa ya hau ba tare da ita ba, amma aikinta yana farawa ne bayan haɗarin ya riga ya auku.

Mai hayar zai iya ce maka na zamani suna da birki, kuma da gaskiyarsa har wani mataki. Bayan wancan nazari kamfanoni sun ƙara wata dabara da ke ɗan tayar da inji da kanta idan mahayi ya saki totur ya murɗa kai cikin gudu, don a samu ɗan feshin juyawa. Masu ƙera samfurin Sea-Doo sun fito da birkinsu a 2009, kamfanin Yamaha ya biyo da nasa tsarin a 2015. Yadda suke aiki shi ne wani marfi yana saukowa a bayan bututun ya mayar da feshin gaba. Yana rage tazarar tsayawa sosai. Sai dai ruwa ba kwalta ba ne, babu abin da ke cafke ƙasa, don haka ko da birkin sai an sulale. Sannan ba kowane babur da ke wurin haya ke da shi ba, tsofaffi da wasu masu araha ba su da shi sam. Ga wata matsalar kuma: babu jar fitila a baya da za ta sanar da na bayanka ka taka birki, sai dai ruwan da ke tashi sama, wanda baƙo ba zai gane ma'anarsa ba. Wanda bai taɓa gwada madannin birkin ba a cikin natsuwa, ba zai tuna da shi ba a cikin firgici.

Ka ɗan yi lissafi da ni. Babur ɗin ruwa mai ɗaukar mutum uku yana iya kai nauyin kilo 300 zuwa sama da 400 kafin mutum ya hau. Masu ƙarfin cikinsu suna da inji mai ƙarfin doki 300, suna kuma wuce kilomita 100 a awa. A ce ma ɗanka mai hankali ne, bai wuce kilomita 60 ba. Wannan kusan mita 17 ke nan a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, hannu ya motsa, daƙiƙa ɗaya ko fiye ta wuce, ya cinye mita 17 zuwa 25 bai yi komai ba tukuna. Idan wani ne ya taho gaba da gaba da irin wannan gudun, tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da mita 33 a daƙiƙa. Littattafan da kamfanonin ke bayarwa tare da babur suna gargaɗin cewa daga cikakken gudu, in an saki totur kawai, ana buƙatar kusan mita 100 ko fiye kafin a tsaya. Kuma idan aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin buguwar ninkuwa yake sau huɗu. A kan ruwa mutum ba ya jin gudunsa yadda yake ji a titi, saboda babu bishiyoyi da gidaje da ke wucewa ta gefensa. Fili ne shimfiɗe, ana yi masa ganin kitse alhali rogo ne. Shi ya sa nake gaya wa duk wanda na koyar cewa birkinsa na gaskiya shi ne tazarar da ya bari tsakaninsa da komai.

A nan ne cunkoso ya shigo, domin cunkoso tazarar yake cinyewa. A titi kowa yana da hannunsa, akwai layi, akwai mahaɗa, ka san ta inda mota za ta ɓullo. A tafki abu yana iya fitowa ta ko'ina, kowa kuma da irin gudunsa: mai kwale-kwale yana tuƙi a hankali, mai jirgin inji yana jan wani a kan allo da doguwar igiya, mai kamun kifi ya zuba fatsa ya yi shiru, yara suna iyo sun ɗan zarce inda aka keɓe musu. Sabon mahayi kuwa idonsa yana kan hancin babur ɗinsa da ruwan da ke gabansa kaɗan. Hankalinsa duk ya tafi wajen kada ya faɗi, babu ragowar da zai duba hagu da dama.

Abin da iyaye ba sa zato shi ne wanda ɗanka ya fi yiwuwa ya buge, ko ya buge shi, abokinsa ne. Tare suka fita, dole su jera, dole a yi tsere, dole wani ya bi bayan wani. Na gaba ya yi kwana ba tare da ya waiga ba, ko igiyar ruwa ta jefar da shi, sai ga shi a ruwa daidai gaban hancin na baya, wanda ya saki totur ya murɗa kai kamar yadda na bayyana. Akwai kuma wasan watsa wa juna ruwa: a taho da gudu a nufi aboki, a yi kwana a kusa da shi don feshin ya jiƙa shi. Wannan wasan gaba ɗayansa ya rataya ne a kan kwanar ƙarshe, kwanar da baƙo ke kuskurewa. Ni a wurina duk wanda ya yi shi ya sauka ke nan a ranar, ba na sauraron roƙo. Ka gaya musu kada wani ya bi sawun wani kai tsaye. In za su tafi tare, kowa ya kama gefensa da tazara mai yawa, kuma kafin kowace kwana a juya wuya a duba baya. Madubin da ke jiki ba abin dogaro ba ne, ruwa yana jiƙa shi, girgiza tana ɓata abin da yake nunawa.

Tsallake igiyar ruwan da babban jirgi ya bari a bayansa shi ma yana ɗaukar hankalin matasa. Haɗarinsa biyu ne. Jirgin yana tare maka ganin abin da ke ɗaya gefensa, kai ma yana ɓoye ka daga mai tahowa. Sannan muddin babur yana sama, kafar zuƙo ruwa ba ta cikin ruwa, babu feshi, babu juyawa, sai inda ka sauka. Saukar ma kanta tana taɓa ƙashin baya, tana haɗa haɓa da kan babur. Jihohi da dama a Amurka sun haramta yin hakan kusa da jirgi, wasu sun sa iyakar ƙafa 100, kimanin mita 30.

Mai iyo kuma ba ya ganuwa. Kansa kaɗai ke waje, bai wuce girman ƙwallo ba, kuma ƙaramar igiyar ruwa ko hasken rana a kan ruwa ya isa ya ɓoye shi har sai an zo daf da shi. Kusa da gaɓa, kusa da jirgin da ya tsaya, kusa da duk inda aka ga mutane a ruwa, tafiyar da ta halatta ita ce wadda inji ke yi ba a taɓa totur ba. Idan jirgi yana jan mutum, a ɗauka igiyar tana nan ko ba a gan ta ba, kuma wanda ake ja zai iya faɗuwa a kowane lokaci. Idan aka ga jar tuta mai farin layi a karkace, ko tuta mai fari da shuɗi, to akwai masu nutso a ƙarƙashi, a yi nesa. Ko ba a taɓa kowa ba, igiyar ruwan da babur ya tayar tana iya kifar da ƙaramin kwale-kwale, kuma alhakin yana kan wanda ya tayar da ita.

Ruwa ma yana da dokar hanya, ko da yake masu haya ba su cika ambatonta ba. Ƙa'idojin hana karo na ƙasa da ƙasa na 1972 su ne tushe a teku, dokokin tafkuna da koguna a yawancin ƙasashe kuma a kansu aka gina su. Abin da baƙo ke buƙata daga ciki bai da yawa. In an haɗu gaba da gaba, kowa ya karkata damansa. In hanyoyi za su gitta, wanda ya hango ɗayan ta hannun damansa shi zai kauce, ya bi ta bayansa, kada ya yanka ta gabansa. Mai wuce wani shi ke da alhakin ba da fili. Mai inji yana kauce wa jirgi mai tafiya da iska, hankali kuma ya ce ya kauce wa mai tuƙi da hannu da babban jirgin da ba zai iya barin hanyarsa ba. Tunda babur ɗin ruwa ya fi kusan kowa saurin juyawa, a aikace shi ne mai kaucewa kusan kullum. Akwai wata dabara ta matuƙa da ta cancanci ka koya wa ɗanka: idan jirgin da yake kallo bai matsa gaba ko baya ba a idonsa, yana nan a kusurwa ɗaya sai girma yake ƙarawa, to hanyarsu ɗaya ce, karo za su yi. Ya sauya hanya tun da nisa, sauyi babba wanda ɗayan zai gani ya gane. Kada kuma ya ɗauka wancan ya san dokar, wataƙila shi ma yau ya fara.

Kan batun ƙaramin, ba sai mun ja magana ba. A Kanada wanda bai kai shekara 16 ba ba ya tuƙa babur ɗin ruwa ko da babba a tare da shi. A jihar Filorida ta Amurka sai mai 14 zai tuƙa, sai mai 18 zai yi haya. Ka bincika dokar wurin da za su je, amma ko ta yi shiru, ɗan shekara 13 bai da nauyin jiki da tsawon hannun da zai riƙe wannan abu in ya yi tsalle, bai kuma kai ga iya auna gudu da tazara na abubuwa uku a lokaci ɗaya ba. Irin "ɗan taɓawar" nan, inda babba ke zaune a baya yaro na riƙe da totur, ta fi kowanne muni, domin hannun da ke kan wuta na wanda ya fi saurin firgita ne. Zama a baya ma ina da sharaɗi: sai ƙafafunsa sun taka ƙasan babur sosai, kuma wanda zai ɗauke shi gwani ne, ba yayansa da ya fara hawa da safen nan ba. Fasinja yana sauya yadda babur ke juyawa, shi ne kuma yake fara faɗuwa tunda ba ya sanin lokacin da za a ƙara wuta. Kada a taɓa zaunar da yaro a gaban matuƙi, fuskarsa ce za ta fara haɗuwa da kan babur.

Hukumomi a wurare da yawa sai da suka ga abin da ya isa kafin su tsaurara. Kamfanin Bombardier ya fara sayar da Sea-Doo a 1968, Kawasaki ta fito da Jet Ski na tsaye a farkon shekarun 1970, amma sai da masu kujera irin WaveRunner na Yamaha suka zo a ƙarshen shekarun 1980 abin ya zama na kowa da kowa, tunda yanzu ba a buƙatar wata ƙwarewa kafin a zauna a murɗa. Sauƙin farawar shi ne ya cika ruwa da waɗanda ba su iya tsayawa ba. A 2001 aka hana su shiga mashigin ruwan birnin Sidni na Ostireliya. A Faransa sai da lasisin tuƙin jirgi, in ba a ƙarƙashin kulawar ƙwararren mai koyarwa ake ba, kuma cikin mita 300 daga gaɓar teku gudu ba ya wuce kimanin kilomita 9 a awa. A Ingila wata kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci a 2005 cewa babur ɗin ruwa ba jirgi ba ne a ma'anar dokar jiragen ruwa, abin da ya bar giɓi na shekaru, sai a 2023 aka yi dokar da ta ba da damar ɗaure mai tuƙin ganganci har shekara biyu. Na kawo wannan ne don ɗanka ya san mai shekara 19 babba ne a gaban shari'a. Ka kuma sa ya karanta takardar hayar kafin ya sa hannu, ya tambaya ko inshorar wurin ta haɗa da raunin da zai iya yi wa wani, don sau da yawa ɓarnar babur ɗin kawai ta rufe, ko ma ba ta rufe komai ba.

Kayan jiki ba su da yawa. Rigar ceto daidai jikinsa, a ɗaure ta tam, wadda in an kama kafaɗunta an ja sama ba za ta haye kunnuwa ba, da usur a jikinta. Igiyar kashe inji a ɗaure a wuyan hannu ko a jikin rigar, ba a naɗe ta a kan babur ba kamar yadda wasu ke yi. Idan mahayi ya faɗi, ita ce ke fizge makulli inji ya mutu, in babu ita babur ya tafi shi kaɗai cikin mutane. Sai abu na uku da ake jin nauyin faɗa, amma yana rubuce a jikin kowane babur: wanda ya zame ta baya ya faɗa cikin feshin, ruwan yana iya shiga jikinsa ta ƙasa da ƙarfin da zai yaga hanji ko al'aura. Rauni ne mai tsanani da ke kai mutum ɗakin tiyata, ya fi kuma samun fasinjoji. Wandon iyo na yau da kullum ba ya karewa, sai wando mai kauri irin na masu nutso. A ɗaure dogon gashi, a cire duk wani tufa mai lilo ko igiya, saboda kafar zuƙo ruwa tana jan abin da ya kusance ta. Giya da duk abin da ke sa maye ko barci, har wasu magungunan mura, babu su. Rana da iska da girgiza da kansu suna gajiyar da mutum fiye da yadda yake ji, shi ya sa hawan ƙarshe na yamma, bayan an gaji an kuma fara jin an iya, ya fi ba ni tsoro a kan na farko.

Ga yadda rabin awar farko ya kamata ta kasance, kuma da wannan za ka auna mai hayar. Ya kai yaron wani gefe da babu kowa. In babur ɗin yana da makullin koyo ko tsarin rage gudu, kamar yadda da yawa suke da shi, a sa masa. Ya tafi a hankali ya saki totur ya murɗa kai, ya ji da jikinsa yadda babur ke ƙin juyawa. Ya sake, wannan karon ya ƙara wuta a cikin kwanar, ya ji bambancin. Ya zaɓi wata alama mai yawo a kan ruwa, ya saki totur daidai ita, ya waiga ya ga nisan da ya yi kafin ya tsaya. In akwai birki ya gwada shi sau da yawa. Sannan ya faɗa ruwa da gangan ya hau da kansa.

Wannan na ƙarshen mutane suna raina shi har sai sun gwada. Ana hawa ne ta baya, inji a kashe. Ka kama marikin da ke bayan kujera, ka ɗora gwiwa ɗaya a kan dandamalin, ka ja jikinka sama alhali rigar ta jiƙe ta yi nauyi, babur ɗin kuma yana karkatowa wajenka duk lokacin da ka ja. Na ga ƙarti masu ji da ƙarfi sun zame sau biyu sau uku, a na gaba hannu ya mutu, sai dai a zo a ɗauke su. In babur ɗin ya kife, akwai hoto a gindinsa da ke nuna ɓangaren da za a juya shi, in aka juya ta ɗaya ɓangaren ruwa na iya shiga inji. Duk tsawon lokacin da mutum yake wannan fama, shi ma ya zama kai ɗaya a cikin ruwa a tsakiyar masu gudu, don haka ya tsaya jikin babur ɗinsa, wanda ya fi shi ganuwa, ya ɗaga hannu. Kada ya ce zai yi iyo zuwa gaɓa.

Sauran ƙananan abubuwa mai haya nagari zai faɗa da kansa: kada a kunna ko a yi gudu a ruwan da bai kai zurfin santimita 60 ba don kada a zuƙi yashi da tsakuwa, a juyo tun mai bai yi ƙasa ba, a fita daga ruwa kafin rana ta faɗi tunda babu fitilu a jiki, a san inda aka keɓe wa masu iyo da hanyar da aka ware don fita da shiga.

Saboda haka ka kira wurin kafin su tafi. Ka tambaye su ko baburansu suna da birki da tsarin rage gudu, ko suna da gefen koyo da babu jama'a, ko akwai ma'aikaci da ke kan ruwa yana sa ido da jirgin ceto, da kuma abin da suke yi wa wanda ya karya doka. Ka yi musu tambaya ɗaya ta gwaji: me zai faru in yaro ya saki totur ya murɗa kai? Wanda ya yi jim ko ya ce ai babu komai, kada ka ba shi ɗanka. In sun amsa da kyau, to yaran su je da sassafe ko a ranar aiki lokacin da ruwan bai cika ba, su hau ɗaya bayan ɗaya a karon farko maimakon su fita gaba ɗaya, kowa ya yi waccan rabin awar. In kuwa lokacin da suke da shi kawai shi ne tsakar ranar hutu, ruwa ya cika maƙil, babu gefen koyo, to su ɗauki fita tare da jagora wanda ke gaba yana tsara gudu da tazara, ko su bar hawan sai wani zuwan.